Gwangwanin Baba Kumfa

Hannuwansa ake fara gani kafin a ga fuskarsa. Fatar ta yi fari-fari, tsakanin yatsu duk ya tsattsage, farce ko ɗaya babu mai kyan gani. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wanki a masaukin baƙin da ke kusa da tashar jiragen ruwa, har sunan da aka raɗa masa ya ɓace. Baba Kumfa kowa ke ce masa, daga manaja har masu shara. Mutum ɗaya ce kawai ke kiransa Malam, matarsa.

Ɗakin wankin yana can bayan gini. Tanki biyu ne na siminti, sai famfo ɗaya da ke yin tari sau uku kafin ya kawo ruwa, sai taga can sama wadda ba a hango komai ta cikinta sai ƙafafun tantabaru. A lungu akwai teburin Mai Guga, wani dogon mutum da bakinsa ba ya hutawa, wanda suka shekara ashirin tare ba su taɓa rabuwa da tsiya ba.

A makonsa na ƙarshe a aikin aka kawo injinan wanki guda biyu, aka jingine su a bakin ƙofa cikin kwalayensu.

"Kumfa, ka gaisa da magadanka kuwa?" in ji Mai Guga.

"Na gan su."

"Farare tas. Ba sa ciwon baya, ba sa neman izinin zuwa jana'iza. Ba kuma sa tare baƙo a kan matakala su tambaye shi yaya ake cewa sabulu a garinsu."

"Jira naka. Wanda ya ƙera mai wanki yana can yana ƙera mai guga."

"To ai ni ba ni da gemun da zan shafa wa ruwa. Na huta."

Baba Kumfa ya matse zanen gado, ya ji zafin ya taso daga yatsu ya bi har gwiwar hannu. Ba wanda ya kore shi, gaskiya. Likita ne ya duba hannun ya ce in ya ƙara wata shida a cikin ruwan sabulu, cokali ma sai an riƙa masa. Manaja ya ji haka ya ce to, ran Alhamis sai a yi sallama. Ɗakin da suke zaune a bayan masaukin na ma'aikata ne, don haka shi da matarsa za su koma gidan 'yarsu, Auta, wadda ita ce ta fari ita ce kuma autar.

Maganar tare baƙi a matakala da Mai Guga ya yi, ba sharri ba ne.

Abin ya samo asali ne a shekararsa ta biyu da kama aiki, yana sabon ango. Ya hau sama zai kai kaya, sai ya ga wata 'yar takarda a ƙasa bakin banɗaki, an tattaka ta, da rubutun Larabci a jiki. Karatunsa bai yi nisa ba. Yana haɗa baƙi dai, amma ma'ana sai an gaya masa. Sai dai abu ɗaya ya shiga kansa tun yana ƙarami ya zauna daram: takarda mai irin wannan rubutu ba a barinta a ƙasa. Ya ajiye kayan, ya ɗauke ta, ya karkaɗe, ya kai ta goshi.

Wani Balarabe, kukun jirgin ruwa, ƙato, da tawul a wuya, yana tsaye yana kallonsa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya kamo hannun Kumfa ya ja shi cikin banɗakin, ya nuna masa sabulun da ke bakin famfo, ya nuna takardar.

"Sabun," in ji shi. "Sabun!"

Takardar da aka naɗe sabulu ce.

Kunya ta sa Kumfa ya cusa ta a aljihu ya sauko ba tare da ya waiwaya ba. Sai da ya koma gaban tanki ya fito da ita, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sa-bun. Ya dubi sabulun da ke hannunsa. Shi a zatonsa kalmar nan a bakin uwarsa aka haife ta, ranar da take dirje masa bayan kunne a cikin baho yana ihu. Ashe ga wani mutum daga ƙetaren teku, wanda ko sannu ba sa iya yi wa juna, yana kiran abin da kusan sunan da shi ma ya sani. To wa ya ara a wurin wa?

Tambayar ke nan da ta ci masa shekara talatin da biyu.

Yadda yake yi ba wuya. In zai kai wa baƙo kayansa, sai ya tafi da gutsuren sabulu a aljihu ɗaya, 'yar takarda da fensir a ɗayan. Ya miƙa kaya, ya ɗaga sabulun, ya miƙa fensir. Wasu su ɗauka sayarwa yake su rufe ƙofa. Wasu su gane, su rubuta. Da ya sauko sai ya juya bayan takardar ya sa alamarsa da nasa rubutun na ajami: mai jan gemu, ɗaki na tara, ya manta safa ɗaya. Ko kuwa: tsohuwa mai tari, ta ba ni lemo.

Masaukin kusa da tasha ba ya rasa baki iri-iri. Wani tela mai jin Urdu ya rubuta masa sabun. Injiniyan jirgi mai harshen Malay ya rubuta sabun, da haruffan da ya ce a makarantar addini ya koya. Matuƙan da ke jin Sawahili suka ce sabuni. Wani tsohon Baturke ya fara rubutawa da boko, da ya ga Kumfa ya girgiza kai, sai ya zauna a bakin gado, sannan a hankali ya zana ta da irin rubutun da ya ce kakansa ke yi. Ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta kafin ya miƙo.

Waɗanda suka kwana biyu har aka saba, sukan ƙara masa da abin da bai tambaya ba. Wata ma'aikaciyar jinya Balarabiya ta buga gwiwarta ta ce a wajensu wannan ƙashin mai zagaye ma sabuna ake ce masa, don ya yi kama da sabulu. Wani ɗan kasuwa mai Farisanci, da tafinta a tsakani, ya ce su in mutum ya sa rai da abin da ba zai samu ba, sai a ce masa kar ya shafa wa cikinsa sabulu. Wannan ta yi wa Mai Guga daɗi ƙwarai. Duk shekara in aka fara raɗe-raɗin za a gyara musu famfo, sai ya ɗaga dutsen guga ya ce, "Kumfa, kar ka shafa wa cikinka sabulu."

Amma ainihin tambayar ba ta samu amsa ba, domin kowa ya ce tasu ce. Balarabe ya ce tasu ce, mai Farisanci ya ce Larabawa a wurinsu suka ji, Baturke ya ɗaga kafaɗa. Sai a shekara ta ashirin da wani abu wata malamar jami'a ta sauka a masaukin, takardun tafiyarta suka maƙale, ta yi mako biyu. Da ya ɗaga mata sabulu da fensir, ba ta rubuta ba. Ta tambaye shi me yake yi da amsoshin. Ba wanda ya taɓa tambayarsa haka. Washegari ta sauko har ɗakin wanki, ta zauna a kan bokitin da aka kifa, ruwa na taɓa mata takalmi.

"Baba, Larabawan ma aro suka yi," in ji ta. "Yawancin masana suna ganin daga maƙwabtansu suka karɓa, su kuma daga Girkawa da Rumawa. Rumawan kuma a bakin wasu mutanen arewacinsu suka ji, masu haɗa kitse da toka."

"Su yi wanki?"

"An ce da farko gashin kansu suke shafawa, don ya yi ja."

Mai Guga ya ajiye dutse. "Ka ji ko? Tun asali ma abin kwalliya ne. Kai ne ka mayar da shi wahala."

Malamar ta cika masa shafi biyu da hannunta, da rubutun da zai iya bi. Shafi na farko inda kalmar ta fito, na biyu inda ta bazu, da kibiyoyi daga wannan harshe zuwa wancan, har kibiya ta ƙarshe ta zo ta tsaya a kan sabulu. Ta ce ko masanan ba duka suka yarda da hanya ɗaya ba, kar ya riƙe ta kamar yankan wuƙa. Ya ce ya ji. Ya naɗe shafukan a leda, ya kai su gida.

Gida yake kai su duka, saboda ɗakin wanki da laima. Takardun hannu da takardun naɗin sabulu da ya tsinta a ɗakunan baƙi, duk suna cikin wani babban gwangwanin biskit, a saman kabad. Nan kuma ne matsalar take.

Ranar da kukun jirgi ya yi masa dariya, ya dawo gida da takardar nan ta farko, yana shafa ta a cinya don ta miƙe. Amaryarsa ta leƙo. Ita ba ta karatu, amma ta san kamannin rubutun.

"Mene ne wannan?"

Dariyar kukun ba ta bar kunnensa ba tukuna. Ya ce, "Rubutu ne. A sa shi a sama."

Ta karɓa da hannu biyu. Ita ta wanke gwangwanin, ta shanya, ta shimfiɗa farin ƙyalle a ciki. Da za ta kawo masa ruwa a ranar, sai ta ce, "Malam, ga ruwa." Ya ji. Bai gyara mata ba. Mutumin da ya wuni yana dirje ƙazantar wasu, ya dawo ya tarar ana ce masa Malam, ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce gobe zai gaya mata.

Goben ba ta zo ba. Yana gani ba ta taɓa gwangwanin sai da alwala. Yana gani in za ta share saman kabad sai ta yafa mayafi. Auta na da shekara huɗu zazzaɓi ya kama ta, irin wanda ke sa yaro ya ƙanƙame. Sun kai ta asibiti, an ba da magani, sun dawo. Ya shigo da la'asar ya tarar uwar ta sauko da gwangwanin ta ajiye daidai kan yarinyar, ta dafa shi da hannu tana motsa baki. Ya tsaya a bakin ƙofa. Kwana uku gwangwanin yana nan, a na huɗu Auta ta tashi ta nemi shayi. Daga ranar ya san bakinsa ya rufu.

Ran Alhamis bai yi wani aikin kirki ba. Ya wanke tankunan biyu, ko da yake za a fasa su. Ya rataye burushi a ƙusarsa. Manaja ya zo ya yi masa godiya, ya miƙo hannu, da ya ga hannun Kumfa sai ya dafa kafaɗarsa kawai. Mai Guga ya raka shi bakin ƙofa.

"To wa zan riƙa zagi yanzu? Inji ba ya ramawa."

"Ka zagi kanka. Ka fi kowa sanin inda za ka taɓa."

"Tafi can, tsohon banza. Ka riƙa leƙowa."

Wajen ƙarfe sha ɗaya ya shiga ɗakinsu. An ƙulle kwanuka a zane, an naɗe katifa, an jawo kabad tsakiyar ɗaki. Samansa wayam, sai zagayen da gwangwanin ya bari a cikin ƙura.

"Uwar Auta, ina gwangwanina?"

Tana durƙushe tana ɗaure bakin buhu. "Ai na sauke maka nauyi, Malam. Da na sauko da shi na ga ruwan rufin nan ya shiga, gindin ya yi tsatsa. Na buɗe, Allah Ya yafe mini, na ga wasu sun yi baƙi, wasu sun manne. Ga shi gidan Auta jikoki kamar awaki, ba abin da ba sa hawa. Na ce kafin a wayi gari a ga rubutu a ƙarƙashin ƙafa, gara a yi masa abin da ya dace. Na kai wa Ladan."

Kowa a unguwar ya san aikin Ladan ne wannan. Duk takardar karatu da ta tsufa ko ta yage, shi ake kai wa. Ya ƙone ta a wuri mai tsabta a bayan masallaci, ya binne tokar inda ba a takawa.

"Tun yaushe?"

"Tun da hantsi. Ya ce kafin azahar zai gama. Malam, lafiya? Ai ka haddace su, ko ba ka haddace ba?"

Ya juya ya fita. Gudu ba ya yiwuwa da irin bayansa, sai dai wani sauri mai kama da na agwagwa. Yana jin takunta a bayansa, tana gyara mayafi tana kiran Malam, Malam.

A bayan masallacin akwai ɗan fili da aka share, da wani tsohon kasko na ƙarfe a kan duwatsu uku. Ladan, tsoho mai tabarau ɗaure da zare, yana tsugune gabansa. Gwangwanin na gefe a buɗe. Wuta na ci a hankali, yana saka takardu ɗaya-ɗaya, yana bismillah a kan kowace. Baba Kumfa ya hango rubutun tsohon Baturken nan yana naɗewa, ya yi baƙi, ya tafi.

"A'a, Kumfa, ka zo da kanka? Sannu. Ai na kusa gamawa. Kai, ka tara abubuwa. Wani rubutun ma ban taɓa ganin irinsa ba."

A hannun Ladan akwai shafuka biyu da ya zaro daga leda. Kumfa ya gane kibiyoyin tun daga nesa. Ya buɗe baki. Ya ji numfashin matarsa daidai kafaɗarsa, tana haki. Ya tuna yarinya kwance, da hannu a kan gwangwani. Bakin ya tsaya a buɗe, ba abin da ya fito.

Ladan ya ce bismillah, ya saki shafin farko.

Takardar ta tsufa, ba ta yi gardama ba. Kumfa yana kallo wutar ta ci Rumawa, ta ci masu jan gashi.

"Tsaya!" Muryar ta fito kamar ba tasa ba. "Ladan, don Allah tsaya. Ba addu'a ba ce."

Ladan ya tsaya da shafi na biyu a sama.

"Ba addu'a ba ce, ba aya ba ce. Ko ɗaya. Sunan sabulu ne. Duka. Yadda mutanen ƙasashe ke kiransa, shi nake sa su rubuta mini."

Wata takarda ta yi ƙara a cikin kaskon.

"Sabulu," in ji matarsa. Ba tambaya ta yi ba.

Ladan ya sauke hannu, ya gyara tabarau. Ya ɗaga gefen tabarmar da yake kai, ya jawo wani tari da ya danne da dutse. Takardun naɗi ne, masu launi, wasu da hoton fure, wata da hoton mace ta ɗaga kumfa a tafin hannu.

"Waɗannan dai tun da na buɗe na gane. Ko makaho ya shinshina ya sani. Na ce baiwar Allah ta kawo da kyakkyawar niyya, ba ni zan kunyata ta ba, sai na ware su na yi shiru. Amma na hannun nan, Kumfa, idona ya yi rauni, ga rubutu iri-iri. Na ce wataƙila addu'o'in wasu ƙasashe ne. Ni kuwa ba na wasa da abin da ban sani ba." Ya dubi kaskon. "Da ka yi magana tun isowarka ai da waccan ma ta tsira."

"Na sani."

"To. Allah Ya ba da haƙuri. Tokar fa? In binne, ko in zubar?"

Matar ce ta amsa. "Binne ta, Ladan. Ka riga ka yi mata bismillah." Ta juya ta tafi, ba ta jira kowa ba.

Abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba: takardun naɗin, shafi ɗaya na malamar, da takardun hannu bakwai da suka manne a gindin gwangwanin. Ya rungumo shi ya dawo gida a hankali. Wannan karon ba abin da zai yi wa sauri.

Ya tarar ta zauna a kan ƙullin katifa, hannuwa a cinya.

"Shekara talatin da biyu," in ji ta. "Ina alwala don in share takardar sabulu."

"Uwar Auta..."

"In ina fashin salla, sai in bar saman kabad ɗin nan ya yi ƙura, ina jin kunyar ka gani. Ka san haka?"

"Na sani."

"Ka sani. Ranar da yarinyar nan ta kwanta fa? Kana tsaye a nan, a bakin ƙofa. Na gan ka."

"Na so in faɗa."

"Me ya hana?"

Ya dubi hannuwansa. "Kin ce mini Malam. Ba wanda ya taɓa ce mini. Daga baya kuma da ta warke, na ga in na faɗa kamar na ƙwace miki wani abu ne."

"Allah ne Ya tashe ta, ba gwangwani ba. Wannan ko a lokacin na sani, ba sai mai wanki ya koya mini ba." Ta share ido da bakin mayafi, da ƙarfi, kamar mai goge tabo. "Abin da ke ci mini rai, Mai Guga ya sani. Baƙin da suka kwana ɗaya suka wuce sun sani. Ni da nake wanke maka tsagar hannu da ruwan ɗumi, ni ce baƙuwar."

Motar kaya ta zo da azahar, suka loda. Ya riƙe gwangwanin a cinya har gidan Auta.

Ɗakin da aka ba su ƙarami ne, kabad ɗin ma da ƙyar ya shiga. Ya ɗaga gwangwanin zai kai sama bisa sabo, ta ce, "Ba nan ba." Ta karɓa da hannu ɗaya, ta tura shi ƙarƙashin gado, kusa da bokiti.

Kwana uku ba ta kira shi da kowane suna ba. In abinci ne, sai ta ce, "Ga shi nan." In Auta na nemansa, sai ta ce, "Ana kira." Ya riƙa zama a tsakar gida da hannuwa shafe da man da likita ya bayar, yana kallon su kamar na aro. Jikin da ya saba tashi da nauyin aiki, yanzu nauyin rashinsa yake tashi da shi. Wani lokaci ya lumshe ido ya gwada tuno takardun da suka ƙone. Mai jan gemu, ɗaki na tara. Wane harshe ne ma nasa? Ya neme shi ya rasa.

A rana ta huɗu da hantsi ta fito da bahon wanki, ta zube rigunansa a ciki. Tun da suka yi aure bai taɓa bari ta wanke masa ko hula ba. Ya yunƙura.

"Zauna. Likita ya ce me?"

Ya koma ya zauna. Ta fara cuɗa wuyan riga. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Ba a farawa da wuya. Sai ya jiƙa tukuna."

"Ka ga, in za ka koya mini wanki, tashi ka shiga ɗaki." Ta ci gaba da cuɗawa. Can ta ɗaga sabulun, ta juya shi a hannu, ba ta dube shi ba. "Shafin da ya ƙone kana tsaye kamar an dasa ka. Me ke ciki?"

"Inda kalmar ta fito."

"Daga ina?"

"Da nisa. An ce wasu mutane ne can, masu haɗa kitse da toka. Ba ma wanki suke da shi ba. Gashi suke shafawa ya yi ja."

"Maza ko mata?"

"Ban tambaya ba."

"Shekara talatin kana tambaya, ba ka tambayi wannan ba." Ta matse rigar, ta jefa a bokiti. "Daga nan sai ina?"

"Sai Rumawa. Daga su kuma... akwai wasu a tsakani kafin Larabawa. Sunan ya kwanta mini."

"To ka tashe shi. Abin da wuta ta bari kar ka bar tsufa ya cinye. In Auta ta dawo aiki ta kawo biro, kai ka faɗa ita ta rubuta, tunda hannun ba ya riƙe komai. Da boko za ta rubuta, kowa ya san mene ne."

"Rabi ya tafi, Uwar Auta. Ba zai dawo ba."

"Rabin da ya rage fa, ka ba wa wuta ajiya ne?"

Ya fara faɗo abin da ya tuna, nan kaɗan can kaɗan, har ya kai kan masu kiran ƙashin gwiwa da sunan sabulu, sai ya tsaya. Bayansa na ciwo, rana ta fara hawa kan ƙafafunsa, bai ji zai iya matsawa ba. Ta jawo wata rigar ta tsoma, wannan karon ta bar ta ta jiƙa.

"Ina jinka, malamin sabulu," in ji ta. "Wa ya ce gwiwa ma sabulu ce?"